Nomau da Gidan Shida

Nomau taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa, yana raye ko ba ya raye. Da wani ne daga waje ya ce Nomau mai taurin kai ne, da sai an raba mu. Ni kuwa na faɗa masa a gaban idonsa ya fi sau shurin masaƙi. Yakan ce in jira ya gama tunani sannan ya ba ni amsa. Har ya koma ga Allah bai gama ba.

Maginin rumbu ne a Garin Gado, ƙauyenmu da ke kusa da Cadawa. Ginin rumbun ƙasa kuwa aikin jira ne. Za ka ɗora sahu ɗaya na laka, ka bar shi ya sha iska ya kama jikinsa, kana ka ɗora na gaba. In ka yi gaggawa cikin rumbun ya buɗe, ka kwashe lakarka ka sake. Don haka rabin yinin Nomau a zaune yake ƙarewa, yana kallon laka tana bushewa. Sauran magina da hira da gulma suke cike wannan jiran. Shi gulma ba ta karɓe shi ba, don kafin ya haɗa maganar da zai faɗa a kan mutum, mutumin ya riga ya iso an gaisa.

Abin da ya iya, kuma yake so, dara ce, ita ma da mutum ɗaya tak, Tala mai tufkar igiya. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwon awaki. Kullum bayan la'asar suna gindin tsamiyar ƙofar gidan Nomau, inda ni ma nake shimfiɗa tabarmata, don ni wanzami ne. Ba mai yarda ya yi wasa da su, ba don gwaninta ba, don nawa. Nomau zai ɗaga ɗan dara ya riƙe a sama har in gama aske kai guda in wasa aska. Tala kuma sai ya rama. Allah ya haɗa su, mu ya hutar da mu.

Tun a lokacin yanar ido ta fara sauko wa Tala a idon hagu. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata suna gidajen aurensu wajen Gazawa. Ba abin da ke fito da shi daga ɗaki ya zauna cikin mutane sai wannan darar, kuma dara tana son ido. Kowa a garin ya san kwanakin wasan Tala ƙidayayyu ne, har shi Nomau.

Ana saura shekara a karɓi mulkin kai aka buɗe mana lakol, wato makarantar boko, rumfar zana ce da allo guda, aka turo malami, Mushe Balarabe, wani saurayi ɗan Tasawa mai keke da ladabi. Ya zo aski wata rana, ya daɗe yana kallon tsofaffin nan biyu suna kallon ƙasa. Da aka tashi daga wasa sai ya ce yana da wani wasan na gurabe, amma na mutum ɗaya ne. Ya tsuguna ya tona gurbi tara, uku-uku.

"Baba Nomau, ka samo iri ukku," in ji shi. "Gyaɗa, wake, masara. Kowane gurbi ka zuba iri guda, ƙwaya ɗaya, ko biyu, ko ukku. Cikin kowane layi, na kwance da na tsaye, kada iri ya hito sau biyu, kada adadi ya hito sau biyu. Kuma in ka zuba wake biyu wuri guda, ba ka sake zuba wake biyu ko'ina cikin hilin."

Nomau ya shiga gida ya ɗebo daga kayan miyar matarsa Shatu. Ya zauna ya zura wa guraben ido. Kafin a kira magariba ya cika su daidai, na ga yana shafa gemu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba ko ranar da aka haifa masa ɗa namiji.

Washegari ya tona huɗu-huɗu da kansa, ya ƙara gujiya. Wannan ya ɗan wahalar da shi. A nan ya gano hanyar da ya riƙe har ƙarshen ransa, kuma ya bayyana mini ita ina tsakiyar yi wa wani ƙaho, ban tambaye shi ba. Ya ce ba a tambayar gurbi wa zai shiga, ana tambayarsa wa ba zai shiga ba. In layin kwance ya hana gyaɗa da wake, na tsaye ya hana masara, to gujiya ce mai gidan, ko tana so ko ba ta so. Haka adadi. Ka fara da gurbin da ya fi ƙin baƙi, in ya cika shi zai matse maƙwabcinsa, maƙwabcin ya matse na gaba. Ya ce mai zuba ƙwaya da ka, yana fatan sa'a, ɗan caca ne. Na ce na ji, ya matsa mini daga haske.

Biyar-biyar ya fi ba shi daɗi. Ya ƙara ƙwallon magarya, ya jera layin farko, sai ya lura cewa in a kowane sabon layi ya gusa da iri taki ɗaya, ya gusa da adadi taki biyu, filin da kansa yake cika. Tsakanin azahar da la'asar ya gama. Abin da ya cuce shi ke nan, sauƙin da ya samu a gidan biyar.

Ya tona shida-shida, ya ƙara tsakuwa ta zama iri na shida. Da fari gero ya sa, kajin Shatu suka nuna masa kuskurensa. Ya gwada gushin nan nasa, filin ya ƙi. Ya koma tambayar gurabe ɗaya bayan ɗaya, ya bi su a hankali har ya kai ƙarshe, sai gurbi biyu suka tsaya masa. Abin da ya rage a hannunsa ba ya shiga cikinsu sai an taka doka. Ya share ya sake ta wata hanya, ya sake isowa ga gurbi biyu. La'asar ta yi ta wuce, Tala na zaune da 'ya'yan dara a tafin hannu.

"Wanga ya hi ƙarhinka," Tala ya ce, yana dariya. "Taho in ci ka, ka samu abin da ka saba."

Mutane suka yi dariya, ni ma na yi, haƙƙina ne. Nomau ya ɗago kai.

"Wallahi ba ni sake taɓa ɗan dara sai gidan shida ya cika."

Ya faɗe ta ne yana ganin gobe ko jibi zai gama. Tala ma haka ya ɗauka, ya ce to Allah ya kai mu jibi, ya zuba 'ya'yan darar a aljihu.

Jibi ta zo ta wuce. Rani ya ƙare, aka yi shuka. Cikin daminar nan labari ya zo cewa ƙasa ta samu mulkin kai, gari ya ɗunguma zuwa Cadawa kallon sabuwar tuta, da makaɗa da 'yan lakol a jere. Nomau bai je ba, ya ce saura gurbi biyu. Da muka dawo na ce masa Nasara sun sauka daga mulki. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya ɗauke gujiya huɗu ya mayar da su layin ƙasa.

Labarinsa ya fara yawo a kasuwanni, kuma labari in ya yi tafiya ƙiba yake. Aka ce akwai wani a Garin Gado mai bugun ƙasa da kayan miya. Wata mata ta taso tun daga wajen Gazawa da zakara a hammata, tana neman a duba mata inda akuyarta ta shiga. Nomau ya ce shi lissafi yake. Ta ce ta sani, irinsu duk haka suke cewa. Ta zauna ta kalli filin har ta gamsu, ta ce ta gane, akuyar tana gabas. Ta bar zakaran ta tafi. Sai da Shatu ta bi ta da shi har bayan gari.

Tala kuwa da fari ba'a yake yi. Yakan zo da kabarsa ya zauna gefen filin yana tufka, yana tambayar lafiyar gurbi biyu da iyalinsu. Daga baya ya gwada wasa da samarin gari. Su kuma ba su da haƙuri, suna tafa hannu suna ce masa Baba yi sauri, in ya sunkuya ya kusanto da fuskarsa ƙasa don ya bambance kara da tsakuwa sai su ƙyafta wa juna ido. Wasa biyu ya yi da su ya bari. Ba'ar ma ta ragu, ya koma zama shiru, sai ƙarar kaba a cinyarsa.

Bayan damina ta biyu aka kira malaman lakol taro a Maraɗi. Mushe Balarabe ya dawo bai ko biya ta gidansa ba, ya jingine keke a jikin tsamiya, ya cire hula yana murza ta a hannu. Yaron kirki ne, kunya ta kama shi ƙwarai.

"Baba Nomau, ka yahe mini. Na ba ka abin da ban san ƙarshenshi ba. Na gani cikin littahin wani babban malami, gidan shida ba ya cika. Ba kai ka kasa ba, ba shi da mahita ne."

Nomau bai ɗago ba. "Wa ya hwaɗi?"

"Wani Bahwaranshe, tun ba a haihe ni ba. Ya bi hanyoyin duka, ɗaya bayan ɗaya, bai bar ko guda ba."

"Da mi ya yi?"

"Da alƙalami da takarda."

"Ka ga takardun?"

"A'a, Baba. Na dai karanta cewa ya yi."

"To kai ji ka yi, mai littahin ma ji ya yi. Gani ya kori ji."

Mushe ya share gumi. Ya ce gidan bakwai yana cika, shi da kansa ya gwada da gushin nan na Baba, me zai hana a tsallake shida a wuce.

"Mushe, ka taɓa ganin an ɗora sahu na bakwai bisa iska?"

Haushin da na ji ranar ya sa na yanki wani bawan Allah a bayan kunne, na ce masa ƙurji ne na fasa. Ga ƙofa an buɗe wa mutum a gaban jama'a, ba kunya ba zargi, malamin da ya kawo abin ya ce ba ya yiwuwa, amma taubashina ya yi kunnen uwar shegu. Tala yana zaune yana ji. Ya naɗe igiyarsa ya tashi tun rana ba ta faɗi ba.

A shekara ta uku yanar ta kama idon dama. Tala ya fara tafiya da sanda yana bin katanga. Wata rana ya zo, wata rana bai zo ba, sannan ranakun rashin zuwan suka fi yawa. Na je na yi masa aski a gida, na tarar da shi zaune cikin ɗaki da rana tsaka, ƙofa a rufe, ya ce duk ɗaya ne a wurinsa. Na fito raina a ɓace, na wuce kai tsaye gindin tsamiya, na tsaya a kan Nomau har inuwata ta rufe masa fili.

"Kai, mai kan dutsi. Tala na makancewa."

"Na sani."

"Ka sani, kana zaune kana kiwon gujiya?"

"Shi ya sa nike sauri," in ji shi. "Saura gurbi biyu."

Na so in shaƙe shi. Kuma na ji tausayinsa, don na dubi fuskarsa na ga da gaske yake. Ya rame, ya bar zuwa ɗaurin aure da suna, ko a wurin gini da zarar ya ɗora sahu sai ya tsuguna ya tona gurabe. A ganinsa hanya ɗaya ce tak ta komawa wurin Tala, kuma ta cikin gurabe biyun nan ta bi. Bai taɓa kawo wa ransa cewa ana iya zagayawa ba.

Da kaka ta yi aka kira Nomau gini wani ƙauye can hanyar Sae Sabuwa, inda zai kwana biyu. Ya manta ƙoƙon ƙwayoyinsa a gida, ko kuma Shatu ta taimaka masa ya manta. Ranar da zai dawo, da hantsi, sai ga Tala da sanda yana sallama a ƙofar gidan. Ya ce wa Shatu ta ba shi ƙoƙon maigida. Ta ba shi ba ta tambaya ba.

Ya zauna gindin tsamiya ya tona gurabe da yatsa, yana auna tsakaninsu da tafin hannu. Na ce in taya shi, ya ce in ji da askata. Yakan ɗauki ƙwaya ya murza ta tsakanin yatsu, ya kai ta kusa da ido, ya ƙirga, ya zuba. In ya yi gaba sai ya dawo yana lalube ya ji abin da ya bari a baya. Ya yi azahar a wurin, ya koma. Mutane suka fara taruwa ba wanda ya kira su. Mushe ma ya sallami yara ya zo ya tsaya.

Bayan la'asar Nomau ya iso a kan jaki, laka har gwiwar hannu. Ya ga taro a ƙofar gidansa ya ɗauka rasuwa aka yi. Aka buɗe masa hanya.

"Nomau ne?" Tala ya tambaya. "Na gaji da jiranka. Cewa ka yi sai gidan shida ya cika, ba ka ce sai kai ka cika shi ba. Ga shi nan, na cika."

Ni ba gwanin abin ba ne, amma shekara uku ina kallonsa ko ba na so. Daga inda nake tsaye na ga gujiya sau biyu a layin farko, don a hannu ita da ƙwallon magarya kusan ɗaya suke. Layi na huɗu ya karkace ya shiga na biyar. Akwai gurbin da masara bakwai ke ciki.

Nomau ya tsuguna. Ya bi layin farko da yatsa, leɓensa na motsi, yadda ya saba. Ya bi na biyu. Bai tsallake ko gurbi ɗaya ba, na kwance da na tsaye. Da ya zo kan masara bakwai ɗin yatsansa ya tsaya, ya daɗe a wurin. Sannan ya ɗaga kai ya dubi Tala. Tala yana murmushi, amma ya juya fuskarsa wajen kututturen tsamiya, inda yake zaton abokinsa yake.

Mushe ya gyara murya zai yi magana. Nomau ya riga shi.

"Mushe, in Bahwaranshen nan na da rai, ka aika mishi. Ya cika."

Ya sa tafin hannu ya share filin gaba ɗaya kafin wani ya matso ya duba, gyaɗa da wake da tsakuwa suka haɗe da ƙasa. A wurin ya tona guraben dara. Ya tsinto tsakuwa masu kauri ya zuba wa Tala a hannu, shi ya karya kara. Tala ya sa hannu biyu yana shafa filin kafin kowane taku, yana jin nasa yana jin na Nomau. Ban taɓa ganin dara mai nawa irin wannan ba, har a wurinsu. Aka kira magariba ba wanda ya ci ɗa ko guda, kuma ba wanda ya bar wurin cikin masu kallo. Ni dai na juya baya na yi ta wasa askar da ba ta bukatar washi, don wanzami ba ya kuka a gaban mutanen da yake yi wa ƙaho.

Da nake raka Tala gida na tambaye shi ko ya san abin da ya jera daidai ne.

"Ni makaho ne," ya ce. "Ina na sani?"

Washegari da sassafe Nomau ya aiko a kira ni in riƙe masa jaki. Na tarar ya buɗe rumbunsa, Shatu ta sussuka ta sheƙe, yana auna gero cikin ƙore. Muka bi gari gida-gida, gidan gwauruwar nan ta bakin rijiya, gidan kuturu, gidan marayun Abdu, har gida goma, ko'ina ya sauke mudu ya wuce ba dogon bayani. Shatu ta tambaye shi sadakar mece ce, ya ce gero ne ya yi yawa bana.

Ba wanda ya sake tambaya. Kowa ya san abin da ke sa mutum ya ciyar da miskinai goma rana ɗaya, ba salla ba suna, rantsuwa ce ya karya da saninsa. Liman ya nuna masa wannan hanya tun farkon abin, Nomau ya ce shi bai gaza ba balle ya biya. Mudu goma ne kacal, a kansu ya ɓata shekara uku. Ina da ikon in faɗa masa haka, har na buɗe baki, sai na ga yana ta duban rana yana ƙara wa jakin sauri.

Kafin la'asar ya riga kowa zuwa gindin tsamiya. Ya tsince ƙaya da ƙananan duwatsu daga wurin da hannun Tala zai bi, ya tona guraben da zurfi fiye da yadda aka saba, ya zauna yana kallon hanya.